Wane Sanyin Ake Nufi?

Tsakiyar Janairu ne, hazo ya rufe Zango har ba a hango mota a kan hanyar Daura sai ta zo kusa. Ina zaure ina jin ɗumin kasko, jikata mai shirin jarabawar gama sakandare ta shigo da littafi. Ta ce, "Kaka, mene ne frigid?" Na ce sanyi ne mai daskarar da ruwa, irin na ƙurewar arewacin duniya da kudancinta. Asalin kalmar Latin ne, tushensu ɗaya da firjin da ake rububin ƙanƙararsa da azumi. Sai ta nuna mini jimlar: wai wani ya tarbi baƙonsa da irin wannan sanyi. Ta ce, "Ashe mutumin kirki ne." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Yarinyar ba ta yi wauta ba, da Hausa ta yi tunani. A wurinmu mai sanyin hali shi ake ba mata, mai zafin zuciya kuwa a kauce masa. In an yi rasuwa sai mu roƙi Allah ya sanyaya zukata. Ɗa nagari sanyin idon iyayensa ne, kuma Larabawa ma haka suke faɗa. Bature kuwa, wanda ɗari ke kashe masa dabba da shuka, in ya kira mutum mai sanyi, cewa yake yi ba shi da tausayi, ba fara'a, ba maraba. Ɗumi ne yabo a bakinsa. Har mawaƙin Italiya, Dante, wanda ya rasu a 1321, da ya zo siffanta can ƙasan Jahannama, inda ya ajiye maciya amana, tafkin ƙanƙara ya sa.

Da farko na ɗauka zancen ke nan: kowa abin da ya rasa yake kira rahama. Mu rana ta gasa mu, shi ya sa randa da inuwar darbejiya suka zama misalin alheri. Amma da na koma ga karatunmu sai na ga addini bai bar mu a kan wannan son kai ba. A Suratul Insan, aya ta 13, an kore wa 'yan Aljanna abu biyu tare, rana da zamharir, wato sanyi mai cutarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an yarje wa Wuta numfashi biyu a shekara, ɗaya shi ne tsananin zafin da muke ji, ɗayan tsananin ɗari. Ashe sanyin da muke yi wa kirari yana da ƙofa a gidan azaba.

Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul Anbiya. An umarci wuta ta zama sanyi, aka haɗa da aminci. Masu tafsiri sun kawo daga Ibn Abbas cewa ba don an ƙara amincin ba, da sanyin ne zai cuce shi. Na yi shekaru ina jin wannan a tafsirin azumi, cikin gumi, ban gane ba. Sai da asubar hunturu, hannu a buta, na gane.

Hausa ma ta sani, mu ne muke mantawa. Ai muna da ɗari da jaura, muna cewa gwiwa ta yi sanyi, jiki ya yi sanyi in mugun labari ya zo. Kuma na san masu "sanyin hali" da ba komai ba ne illa ko-in-kula: ba su faɗa da kowa don ba su damu da kowa ba. Wannan shi ne mutumin littafin jikata, ya sa rawani.

Ina wannan dogon bayani, ta katse ni ta ce almajiran da ke kwana a rumfar bayan gidanmu buhu suke shiga da dare. Ni mai sanyin halin ban taɓa leƙawa ba. Jama'ar Zango, hunturu bai wuce ba tukuna. Mai tsohon bargo a ƙasan akwati ya fito da shi yau kafin magariba.