Faɗakarwa Ga Iyalan Wanda Ya Komo Daga Yaƙi

 

Ku sani, ya 'yan'uwana a cikin ɗariƙa, na rubuta wannan ne domin mata da iyaye da ke zo mini da kuka, suna cewa mutuminsu ya komo daga fagen fama a Barno da jikinsa lafiya, amma ba shi ba ne. Ba shi barci, ƙarar ƙofa tana zaburar da shi, shina fushi ba dalili, shina gudun jama'a.

Ni na san wannan ciwo tun ina yaro. Ƙanen kakana yana cikin sojan da Turawa suka kai yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, ya komo gida a 1946. Har ya tsufa, in aka harba bindiga ranar hawan salla sai shi shige ɗaki shina makyarkyata. Mu yara muna yi masa dariya, manya suna cewa iskoki ne. Allah shi gafarta mana, ba mu sani ba. Sai a 1980 likitoci suka sa wannan ciwo a littafinsu da suna nasa, ciwon firgita bayan masifa.

Kada ɗayanku shi ce masa raunin imani ne. Allah ya ba mu labari a Suratul Ahzabi irin tsoron da ya kama sahabbai ranar Handaƙu, su kuwa su ne mafifitan al'umma. Usamatu ɗan Zaidu, Allah shi yarda da shi, ya kashe mutum guda a yaƙi bayan mutumin ya yi shahada, nadama ta kama shi har ya yi burin da a ranar ya musulunta. Wanda zuciyarsa ta mutu ba shi jin irin wannan nauyi.

Ya ke 'yar'uwa, dubi Nana Hadiza, Allah shi yarda da ita. Sa'ad da Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa, ya nemi a lulluɓe shi, ta lulluɓe shi, ba ta tsare shi da tambaya ba har tsoron ya tafi, shi da kansa ya ba ta labari. Wannan shiru nata shi ne mafi wuya gare mu, zama harshe ya fi son bincike. Kada ki tambaye shi mutum nawa ya kashe, ki hana yara da baƙi su ma. In shina mafarki kada ki taɓa shi, tsaya nesa ki kira sunansa a hankali. In ya natsu ki tuna masa alherinsa, yadda ita ta lissafa wa Annabi sadar da zumuncinsa da ɗaukar nauyin raunana.

Sa'an nan ta kai shi wurin Waraƙatu ɗan Naufalu, mai sanin al'amarin. Ku ma ku kai naku ga masana. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware, zuwa can ba abin kunya ba ne, ba ya warware tawakkali, ba ya hana addu'a. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ko ya ɗaga hannu ga mace ko yaro, ko ya kama shan ƙwaya, to, wannan ba wurin haƙuri da shiru ba ne. A kawar da makami daga ɗaki, a gaya wa manya, a tafi da shi a ranar.

Ku kuma muridai, in ya zo zawiya ku bar masa wuri kusa da ƙofa. In amon bandiri ko ƙarfin hailala ya yi masa nauyi ya tashi ya fita, kada kowa shi bi shi da ido, kada muƙaddami shi yi masa faɗa. Shi yi wuridinsa a ɓoye gwargwadon ikonsa, ku aika guda daga cikinku shi raka shi gida.