Wa ya ƙagi sautin harshe?

Malaman usulu sun daɗe suna jayayya: Allah ne ya koya wa ɗan Adam harshe, kamar yadda Imam Ash'ari ya tafi a kai, ko mutane ne suka shirya abinsu, kamar yadda Abu Hashim na Mu'utazila ya ce? Sai ga Zamenhof, likitan ido a Warso, ya fito da sabon harshe, Esperanto, a 1887: haruffa 28, kowanne da sautinsa ɗaya tak. Wani zai ce Abu Hashim ya yi nasara. Ni kam ban gamsu ba. Zamenhof bai ƙagi sauti ko ɗaya ba, daga harsunan Turai ya kwaso, shi ya sa ba ƙ ba ɗ a ciki. Tsara abin da ya tarar kawai ya yi.