Nasihar Juma'a: Ɗan lambu a tsakar gida kafin damina ta sauka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa daga sama, Mai rayar da ƙasa bayan ta mutu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa Musulmi, ina yi wa kaina da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Jama'a, mun shiga bazara, kowa ya ji a jikinsa. Zafin Maiduguri a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Da la'asar sai ka ga hadari ya haɗo daga gabas, mata su kwashe shanya, 'yan kasuwa su ja leda su rufe kaya, can sai iska da ƙura su taso su watse, ko ɗigo babu. Wata rana kuma a yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, mai gaggawa ya zuba irinsa, daga nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone.

A makon da ya wuce, bayan sallar isha'i, wani ɗan uwa mai sayar da yadi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce: “Malam, maiɗakina ta dame ni, wai in nemo mata buhuna da taki za ta shuka alayyahu da kuɓewa a tsakar gida. Na ce mata gidan haya muke, baƙi ne mu a garin nan, ruwan sama ba shi da tabbas, in ma ya zo ƙila ya zo da ambaliya. Wannan ba wahalar banza ba ce kuwa?” Na ce masa: “Alhaji, ka bari sai Juma'a, domin na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba.”

Kafin komai, ban ga laifin mai jin tsoro ba. Mun ga abin da muka gani. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Mai Martaba Shehun Borno. Dattawanmu sun ce rabon da a ga irinsa tun 1994. Kafin wannan, a watan Fabrairu 2023, gobara ta cinye Kasuwar Monday, jarin mutane da yawa a cikin sahun nan ya zama toka. Gonakin bayan gari ma ba kullum ake shigarsu da kwanciyar hankali ba. Ba mu manta da manoman shinkafa 43 da aka yi wa jana'iza a Zabarmari a ƙarshen Nuwamba 2020 ba, Allah ya jiƙansu da rahama. Wanda ya ga waɗannan, in hannunsa ya yi sanyi, ba abin mamaki ba ne. Amma waɗannan abubuwa su ne dai suka sa cefane ya yi tsada, su ne suka sa uwar gida take juya kuɗin da aka ba ta da safe tana rasa ta inda za ta fara. Ashe ke nan dalilin tsoron shi ne kuma dalilin tashi tsaye.

To, me addini ya ce?

Da farko, ruwa na Allah ne. A ƙarshen Suratu Luƙman Allah ya ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da ya keɓe wa kansa saninsu. A Suratul Waƙi'a kuma ya tambaye mu game da abin da muke nomawa, shin mu ne muke tsirar da shi ko Shi ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu jingina ruwan sama ga tauraro. Wannan fa bai hana sauraron hasashe ba. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana karantawa a rediyo. Ku saurara, kamar yadda kuke buga waya Dawanau ku ji farashin gero kafin ku yi lodi. Hasashe ne aka gina a kan alamomi, yakan dace, yakan kuskure. Zuciya dai ta tsaya ga Mai ruwan.

Na biyu, shiri namu ne. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ku dubi Nana Maryam, tana cikin naƙuda, ba ƙarfi a jikinta, amma aka umarce ta ta girgiza kututturen dabino kafin 'ya'yan su zubo. Allah mai iko ne ya zubo mata da su tana zaune, sai ya so ta miƙa hannu. Ku dubi Annabi Yusufu (AS), da ya san fari na tafe, sai ya ba da shawarar a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hadisin da nake so kowa ya tafi da shi gida yau. Imamu Ahmad ya ruwaito shi daga Anas ɗan Malik, Bukhari ma ya kawo shi a Al-Adabul Mufrad. Ma'anarsa, ko da alƙiyama ce ta zo tsayuwa alhali ɗayanku yana riƙe da ɗan dashen dabino, in yana da halin dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Subhanallah! Dabino shekaru yake yi kafin ya yi 'ya'ya, ga shi kuma duniyar ce gaba ɗaya za a naɗe, amma aka ce dasa. In tashin alƙiyama bai zama uzuri ba, ina hadarin da ya haɗo ya watse zai zama uzuri?

Sai maganar baƙunci. Mu da muka zo daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Haɗeja, wasunmu daga Maraɗi da Damagaram, muna da wata ɗabi'a: mutum ya shekara 20 a gari yana cewa baɗi zai koma gida, bai taɓa dasa ko zogale ɗaya ba. Muhajirai da suka isa Madina baƙi ne, kuma 'yan kasuwa ne irinmu, domin Makka ba garin noma ba ne. Abdurrahman ɗan Auf kasuwa ya ce a nuna masa. Amma Bukhari ya ruwaito cewa Ansar da Muhajirai sun daidaita a kan aikin gonakin dabino, a yi wahala tare, a raba amfani. Salmanul Farisi, baƙo daga ƙasar Farisa, da dashen dabino 300 ya fanshi kansa daga bauta, kuma Annabi (SAW) da hannunsa mai albarka ya dasa masa. A garin nan ma, unguwar Hausari shaida ce cewa iyayenmu sun zo sun zauna, Kanuri suka karɓe su hannu bibbiyu. Itatuwan dogon yaro da muke fakewa a inuwarsu a bakin titi, wa ya san sunan wanda ya dasa su? Suna kwance a kabari, lada tana isa gare su. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, an rubuta masa sadaka. In ka tashi daga gidan haya ka bar zogale, ka bar wa kanka asusu ne a can.

Yanzu bari mu sauko ƙasa, domin wa'azin da bai kai ga tukunyar miya ba bai gama aikinsa ba.

Ba sai kana da fili ba. Tsohon buhun shinkafa, fasasshen bokiti, robar fenti, tsohuwar taya, duk gona ce. A huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ƙasar garin nan yashi ya yi mata yawa, ba ta riƙe ruwa, saboda haka a haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Takin ya zama wanda ya ruɓe, na awaki ko tumaki ko shanu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. A ɗora buhunan a kan bulo ko dakali, inda suke samun ranar safe, inuwa ta rufe su da azahar. Amfanin buhu shi ne ana iya ɗaga shi. In iska ta taso a ja shi jikin bango, in ruwa ya kwanta a tsakar gida a ɗora shi sama, in aka tashi daga gidan a sa shi a kura a tafi da shi.

A fara da abin da ya saba da zafinmu: alayyahu, rama, lalo, yakuwa, kuɓewa, zogale. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, a cakuɗa shi da yashi kafin a yafa, cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Irin kuɓewa a jiƙa shi ya kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, cikin kamar wata biyu an fara yanka. Zogale ko reshensa aka kafa yana kamawa. Tumatir kuwa a yi haƙuri da shi, ba ya son tsananin zafin bazara, furensa zubewa yake yi, ba ya kuma son ruwan Agusta. Lokacinsa bayan damina ne, in sanyi ya fara shigowa. Tattasai da attaruhu a rene su a inuwa tukuna, in sun yi ƙwari a dasa.

Babbar shawara ita ce kada a zuba iri duka rana ɗaya. Ku 'yan kasuwa ne, ba wanda yake loda jarinsa kaf a mota ɗaya a hanyar Damaturu. A raba irin kashi uku. Kashi ɗaya a shuka yanzu a buhu, ana ba shi ruwa da hannu. Kashi na biyu bayan mako biyu ko uku. Na uku a ajiye shi sai ruwa ya zauna sosai, wanda a nan sau da yawa sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Ruwan farko fa yana ruɗi, kada a biye masa. In wani kashi ya ƙone, wani zai tsira da izinin Allah. In kuɓewa ta yi, a bar 'ya'ya biyu ko uku su bushe a jikin uwar, a zuba irin a kwalba da ɗan toka, a rataye a sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Na san za a ce, Malam, ina ruwan? Jarka nawa za mu saya wajen 'yan garuwa? To, gida mai mutum shida, alwala nawa ake yi a cikinsa kullum? A sa roba a ƙasa in za a yi alwala, a tara. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk a haɗa. Na omo da na bilic ne ba a so. A yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe bakin buhun da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye danshin. Annabinmu (SAW) da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, mudun Annabi, cikin tafin hannu biyu ke nan. Mu kuwa buta guda muke karkatawa, ruwan ya bi kwata. Ruwan da aka tara a rufe shi, kuma kada ya kwana biyu a ajiye, saboda sauro. In ƙwari suka sauka, a daka ganyen dogon yaro a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. Tsohon gidan sauro kuma yana kare tsiro daga kaji.

Akwai haƙƙoƙi a ciki, a kula. Kada ka haƙa gidan mutum ko ka jingina buhu mai jiƙa masa bango sai ka nemi izinin mai gida. Kada ruwan lambunka ya kwarara ƙofar maƙwabci. Mai akuya ya ɗaure akuyarsa, in ta yi ɓarna ya je ya ba da haƙuri ya biya, kada a ɓata zumuncin shekaru a kan ganyen rama. Maza, ku taimaka. Ɗauko ƙasa da taki aikinku ne, ba ku bar wa mata da yara ba. A ba kowane yaro buhunsa, ya shuka da bisimilla, ya ga yadda Allah yake fitar da rayayye daga ƙwayar da take kamar matacciya. Wannan darasin tauhidi ne da zai riƙe har girmansa.

In Allah ya sa ya yi kyau, a tuna da mutum biyu. Mai gonaki biyu na Suratul Kahfi ya shiga gonarsa yana taƙama, bai ce Masha Allah ba, aka wayi gari yana tafa hannu don nadama. Masu lambu na Suratul Ƙalam suka yi sammako don kada miskini ya gan su, suka tarar babu komai. A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan ganye da kayan miya, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Muslim ya ruwaito wasiyyar Annabi (SAW) ga Abu Zarri, in ya yi romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. A kewayenmu akwai zawarawa da marayu da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Ɗaurin alayyahu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a gidan da aka kwana uku ana miyar kuka ba mai.

Idan kuma bayan duk wannan rana ta ƙone shukar, ko ruwa ya tafi da ita, ka ce Alhamdu lillahi, ka ɗauko kashi na gaba. Ladan niyya da na wahala ba ya nutsewa a ambaliya.

Ina roƙon kwamitin masallaci su duba ruwan alwalarmu da ke bin lambatu kullum sau biyar, a karkata shi bayan masallaci a kafa zogale. Alhaji mai yadi kuma, ga amsarka: ka biya kasuwa yau ka nemo wa Hajiya buhunanta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ya Allah ka ba mu damina mai albarka, ruwa mai amfani ba mai cutarwa ba. Ya Allah ka tsare mu daga fari da ambaliya da gobara. Ka zaunar da Borno lafiya, ka zaunar da garuruwan da muka baro lafiya, ka mayar da manoma gonakinsu cikin aminci. Ka sa albarka a kasuwancinmu da abin da hannayenmu suka shuka. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk Musulmin da suka riga mu. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.