Gefen Gona Rabon Matalauci Ne



A cikin Littafin Firistoci sura 19, Allah ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gonakinsu har gefe, kada kuma su koma kala, gama abin da ya rage rabon matalauci ne da baƙo. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi.

A zamaninmu gwamnati takan rage wa jama'a tsadar abin masarufi ta hanyar tallafi. A Janairun 2012 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, sai bayan yajin aiki ta sauko 97. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 kafin ƙarshen Yuli.

Mu faɗi gaskiya: mai motoci da janareta ya fi kowa cin moriyar mai mai araha, masu fasa-ƙwauri kuma sun sha romonsa. Amma da aka janye, wa ya fi jin jiki? Mawadaci ya rage yawo. Matalauci kuwa, wanda yawancin kuɗinsa a tukunya suke ƙarewa, ba shi da abin ragewa sai na dole. Kuɗin mota ya tashi, mudun masara ya bi shi. Sai abinci ya koma sau ɗaya a rana, a jinkirta zuwa asibiti, a zaunar da yarinya a gida saboda kuɗin makaranta.

Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya koyar cewa hukuma ta fi kula da marasa ƙarfi, domin mawadata suna da abin kāre kansu. Saboda haka muna roƙon shugabanninmu, kuɗin da aka tsimin su isa ga taki, magani da makaranta, inda hannun talaka zai kai.

Mu ma muna da gefen gona. Mai hatsi kada ya ɓoye yana jiran tsada. Mai ma'aikaci ya biya shi a kan kari. Kowane gida ya ware mudu guda domin gwauraye da marayun ikilisiyarmu.

Ubangiji ya ba mu zuciyar Bo'aza. Amin.