Wadar Zuci Ta Kwana Uku

A gaɓar yammacin ƙasar Ostireliya, kimanin kilomita 1,200 arewa da birnin Perth, akwai wani yanki mai suna Ningaloo, inda busasshen jeji ya gangaro har bakin teku. A cikin ruwan akwai jerin duwatsun murjani mai tsawon kilomita 260, kuma a shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya. A nan aka kafa wani masauki na tantuna mai suna Sal Salis, wanda masu hannu da shuni ke biyan kuɗi masu yawa don su kwana a cikinsa.

Kowane tanti yana da gado mai laushi, abinci kuwa irin na manyan otal. Amma wutar lantarki daga hasken rana ake samunta, bayan gida ba ya cin ruwa, kuma an san wurin da ƙa'idar ba kowane baƙo lita 20 ta ruwa kacal a yini. Mai karatu ya san wannan awo sarai, domin bai wuce jarka ɗaya ta ɗan garuwa ba. Ga shi mai kuɗi ya ƙetare teku ya sayi abin da talaka ke fama da shi kullum bisa tilas.

To, tambaya a nan ita ce, shin wannan tsimi halin kirki ne, ko kuwa wani sabon salo ne na jin daɗi?

Adalci ya wajabta a faɗi alherinsa. Ƙasar busasshiya ce, kunkurun teku kuma a rairayin nan suke nasa ƙwai. Da katafaren bene aka gina da tafkin wanka, da ɓarnar ta yi yawa. Haka nan wanda ya saba sakin famfo, ranar da ya ga ruwansa ya ƙare da sauran kumfa a jikinsa, ya koyi abin da lacca ba ta koya masa ba. Taƙaitawar mai iko ma tana da daraja ta musamman, tun da yana da halin yin almubazzaranci ya bari.

Sai dai akwai tufka da warwara. Baƙon da ya taso daga Landan zai shafe wajen sa'a 17 a jirgin sama kafin ya sauka Perth, sa'an nan ya sake hawa wani zuwa arewa. Hayaƙin man da aka ƙona yana cikin abubuwan da ke ɗumama duniya, ɗumin teku kuwa shi ne ya koɗar da murjanin Ningaloo ƙwarai a shekarar 2025. Ashe mutum yana iya tattalin guga guda alhali yana taya ƙafar da rijiya.

Bayan haka, wadar zuci hali ne, hali kuwa zanen dutse ne. Abin da aka yi na kwana uku, a ƙarƙashin dokar masu masauki, bayan an biya kuɗi, bai kai a kira shi hali ba tukuna. Darasi ne kawai. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, shi ma wannan baƙo ba a sanin gaskiyarsa sai ya koma gida, inda ruwa ke zuba ba awo, ba kuwa mai tsaye a kansa. In ya rage ɓarna a can, ya tuna da waɗanda jarka ɗaya ce rabonsu duk shekara, to kuɗinsa sun saya masa ilmi. In kuwa hotuna kaɗai ya dawo da su, ya ɗauki rashin wasu ya mai da shi abin shaƙatawa.

Ƙasa amana ce a hannun mai kuɗi da talaka baki ɗaya, amma wanda aka ba da yawa, tambayarsa ta fi tsawo. Allah Ya sa a dace.