Lambar da ke ƙasan layi

A kusurwar hagu ta ƙasan takardar fasta za ka ga an rubuta da fensir: 37/200. A dama kuma sa hannun mai zanen. Masu tara fastocin bukukuwan kiɗa a Amurka da Turai suna zuba kuɗi mai kauri saboda wannan ɗan rubutu, ni kuwa na daɗe ina tambayar kaina abin da suke saye. Ta 37 da ta 160 hannu ɗaya ya buga su, da fenti ɗaya, a kan takarda iri ɗaya.

Da yawansu suna rububin ƙaramar lamba, a ganinsu 1/200 ta fi 199/200 daraja. Tunanin yana da asali, sai dai asalin ya tsufa. Lokacin da ake karce zane a jikin farantin jan ƙarfe, kamar yadda Rembrandt ya yi a ƙarni na 17, farantin cinyewa yake yi duk sa'ad da aka matse shi a kan takarda, shi ya sa bugun farko ya fi na ƙarshe kaifin layi. Rembrandt ɗin ma bai sa lamba ba. Sa hannu da fensir da ƙidayar bugu sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 suka fara zama al'ada. Fastocin yau galibi ta cikin ƙyalle mai ƙananan ƙofofi ake tura musu fenti, launi bayan launi, a shanya, a tattara, a sake bugawa, har takardun su cakuɗe. Sai an gama kaf mai zanen zai zauna ya bi tulin yana rubuta lamba. Wadda ta sami 1, a sama kawai ta faɗo.

Ashe lambar sama suna ce kurum. Maganar tana ga ta ƙasa.

A San Faransisko, daga 1966, mai shirya wasannin kiɗa Bill Graham ya riƙa sa masu zane irin su Wes Wilson su yi masa fastocin tallar wasannin zauren Fillmore. Talla ce, a liƙa a bango ko tagar shago, ruwa ya jiƙa, wani ya yage. Daga baya an sake buga da yawa don sayarwa, kuma har yau masu tarawa suna duba kaurin takarda da yanayin launi don gane bugun da ya riga daren wasan. Zamani ne ya ƙarantar da waɗannan. Da mutane irin su Frank Kozik na birnin Austin suka farfaɗo da sana'ar wajen shekarun 1990, fastar da aka sa wa hannu da lamba ta zama ruwan dare. Abin da dā ruwa da rana suke yi, yanzu bakin mutum ke yin sa. Wanda ya rubuta 200 a ƙasan layi cewa yake yi: zan iya buga dubu, amma na ɗaure kaina, daga nan ba ƙari.

Walter Benjamin, masanin Jamus, ya yi hasashe a shekarun 1930 cewa yawan kwafi zai tuɓe wa aikin fasaha kwarjininsa. Fensirin nan shi ne amsar da kasuwa ta ba shi. Amma ko daidai ne mutum ya ƙirƙiro ƙarancin abu da gangan don ya yi tsada? Na auna shi da ɓoye kaya, wanda malamanmu suka yi hani da shi, na ga ba su haɗu ba. Hanin ya fi shafar abinci da abin da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi. Babu mai kwana da yunwa don bai sami fasta ba, zanen kansa kuma ga shi nan a intanet kowa ya kalla. Idan mai zane ya iyakance bugu don ya ci guminsa, ban ga laifinsa ba.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne algus. Masu bugun dā sukan ja wa faranti karce idan an gama, don kowa ya shaida ba za a ƙara ba. Yau hoton yana ajiye a kwamfuta, babu abin da ke tsare alkawarin sai mutuncin mai shi. An san mai zane Salvador Dalí ya sa hannu a dubban fararen takardu tun ba a buga komai a kansu ba, abin da ya jefa kasuwar bugunsa cikin shakka. Akwai kuma hanya mai laushi wadda ta fi damuna. An yarda mai zane ya riƙe nasa kason mai alamar A/P, bisa al'ada kamar ɗaya cikin goma na bugun. To sai ka ga an ƙara wani zubi a kan takarda mai ƙyalli, wani da jan launi a madadin shuɗi, kowanne da tasa ƙidayar. A rubuce ba a yi ƙarya ba, 200 tana nan 200. Amma mutumin da ya tsaya a layi daren wasan ya biya ne bisa fahimtar cewa su ɗari biyu ne kawai a duniya, mai zanen kuma ya san da wannan fahimtar ya karɓi kuɗinsa. A wurina wannan saɓa alkawari ne, ko da babu alƙalin da zai kama shi. Wanda ke da niyyar fitar da zubi huɗu, ya faɗi jimillarsu tun ranar da ya fara sayarwa.