TUNANI A KAN WANI FURE MAI RUWAN ƊORAWA

Bayan haka, ya 'yan'uwana samari, an umurce mu da yin tunani cikin halittun Allah. To, yau ga wani ɗan tsiro mu duba.

A filayen ciyawa na gabashin Ostareliya yake fitowa, masana suna ce masa Bulbine bulbosa. Ganyensa kamar na albasa, furensa ruwan ɗorawa mai kunnuwa 6, kowane fure kwana ɗaya yake yi ya yanƙwane. Amma fa ransa yana cikin ƙasa, a wani curi kamar ɗan gwaza. Rani ya ƙona samansa, gobarar daji ta wuce, ruwa na sauka sai ya toho. Mutanen ƙasar na asali sun yi shekaru aru-aru suna tono curin, suna gasawa suna ci, bai ƙare ba.

To, me ya cinye mazauninsa? Tumakin da Turawa suka shigar yankin Biktoriya tun daga 1834, da garma, da takin zamani. Wannan ita ce ɓarna a bayan ƙasa, jama'a! A yammacin Biktoriya abin da ya saura na waɗannan filaye bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Mai nemansu yau sai ya bi gefen hanya, ko layin dogo, ko tsofaffin maƙabartu inda garma ba ta shiga ba.